Ɗaurin talala a jihar Pennsylvania: tambayoyi da amsoshi kan gyaran dokar hukunta masu saɓa sharaɗi

Shekaru da dama majalisun jihohin Amurka na fama da ƙudirorin da ke neman rage hukuncin da ake yanke wa wanda ke zaman ɗaurin talala idan ya saɓa wa sharuɗan kotu. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na jihar Pennsylvania, ƙudiri mai lamba 838 na majalisar dattawan jihar, wanda aka yi ta ja-in-ja a kansa kafin ya zama doka a ƙarshen 2023. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin hukunci ne ɗaurin talala a Amurka?

Kotu ce ke samun mutum da laifi, amma maimakon ta tura shi kurkuku sai ta bar shi ya koma gida bisa sharuɗa, a ƙarƙashin kulawar wani jami'in sa ido. Akwai kuma wanda ake yanke wa duka biyun: ya yi zaman kurkuku, in ya fito ya ɗora da wasu shekaru na talala. Ya bambanta da sakin da ake yi wa fursuna kafin cikar wa'adinsa, ko da yake mutane kan haɗa su.

Abin ya samo asali ne daga wani mai ɗinkin takalma a Boston, John Augustus, wanda a 1841 ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya kula da shi maimakon a ɗaure shi. Jihar Massachusetts ce ta fara mayar da tsarin doka a 1878. Yau kusan mutum miliyan 3 ne ke zaman talala a Amurka, sun fi waɗanda ke cikin gidajen yari da kurkuku yawa idan aka haɗa su duka.

Waɗanne sharuɗa ne ake gindayawa?

Sun danganta da alƙali da gunduma, domin a Pennsylvania gundumomi 67 ne, kuma mafi yawan aikin sa ido a hannunsu yake. Amma akwai waɗanda kusan kowa ke samu: zuwa ofishin jami'i a ranar da ya sa, gwajin fitsari don duba ko an sha ƙwaya, neman izini kafin a fita daga gunduma ko jiha, sanar da sauyin gida ko wurin aiki, halartar ajin gyaran hali ko na barin shaye-shaye, nisantar masu tarihin laifi, da biyan tara da kuɗin kotu da kuɗin sa ido na wata-wata.

A takarda kowanne ɗaya mai sauƙi ne. A ɗauki mutumin da ke aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, ya tashi ƙarfe bakwai na safe, jami'i ya sa masa ƙarfe tara a tsakiyar gari, bas biyu zai hau. Ya isa, ya zauna a benci da lamba a hannu har azahar, a miƙa masa ɗan kofin roba, wani ya tsaya a bayansa a banɗaki yana kallo. Ajin barin ƙwaya kuma ranar Laraba ne da yamma, daidai lokacin da maigidansa ya ce in ya sake fashi kada ya dawo. Riƙe aiki sharaɗi ne, zuwa aji ma sharaɗi ne. Gaba kura, baya siyaki. Wata ɗaya ko biyu mutum zai iya jurewa, amma idan shekara takwas aka yanke masa, da wuya a ce bai taɓa tuntuɓe ba.

Mene ne bambancin saɓa sharaɗi da aikata sabon laifi?

Nan ne zuciyar maganar. Idan mai zaman talala ya yi fashi aka same shi da laifi, wannan sabon laifi ne, kuma babu ƙudirin da ya ce a yi masa sassauci. Saɓa sharaɗi kuwa abu ne da in wani ya yi ba laifi ba ne: makara zuwa ofis, tsallaka iyakar jiha don jana'iza ba da izini ba, rashin kammala aji, rashin ɗaga waya. Mai zaman talala kaɗai ake iya ɗaurewa a kan irin waɗannan.

Wani bincike da cibiyar shari'a ta majalisar gwamnatocin jihohi ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 45 cikin ɗari na waɗanda ake shigarwa gidajen yarin jihohi, saɓa talala ko sharuɗan saki ne ya kai su, kuma kusan kashi 25 cikin ɗari saɓa sharaɗi ne zalla ba sabon laifi ba. Binciken ya ƙiyasta cewa tsare masu saɓa sharaɗi zalla na cin jihohi dala biliyan 2.8 a shekara. Wannan lissafin kuɗi, fiye da tausayi, shi ya jawo 'yan jam'iyyar Republican da dama cikin tafiyar.

Kafin gyaran, me alƙali ke iya yi?

Kusan duk abin da ya ga dama. In ya soke talalar, yana da ikon komawa ya yanke duk hukuncin da doka ta ba shi tun ranar farko, har zuwa iyakar shekarun laifin. Tsohuwar dokar ma ta ba shi damar ɗaure mutum don kawai kare martabar kotu, kuma wannan ƙofa ce mai faɗi da kowane alƙali mai fushi zai iya bi. Yana kuma iya sabunta talalar da wasu shekarun, shi ya sa ake samun wanda ya yi laifi yana ɗan shekara 20 amma har ya kai 30 yana zuwa ofishin sa ido.

Pennsylvania ta yi fice a wannan saboda ba ta da iyakar shekarun talala ban da iyakar hukuncin laifin kansa, kuma alƙali na iya jera su ɗaya bayan ɗaya: shekara biyar a wannan tuhuma, biyar a waccan, sun zama goma.

Me ya kawo mawaƙi Meek Mill cikin maganar?

Shari'arsa ce ta fito da matsalar fili. An kama shi a birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania a 2007 yana ɗan shekara 19, aka same shi da laifin bindiga da ƙwaya a 2008. Ya yi zaman kurkuku, ya fito, ya shahara, amma talalar ba ta rabu da shi ba. A 2014 an mayar da shi kurkuku na wasu watanni kan batun tafiye-tafiye ba da izini ba, a 2016 aka tsare shi a gida. A 2017 aka kama shi sau biyu, ɗaya kan hatsaniya a filin jirgin saman St. Louis, ɗaya kan ɗaga ƙafar babur ta gaba a titin New York. Ba a same shi da laifi a ko ɗaya ba. Duk da haka a watan Nuwamba na shekarar, mai shari'a Genece Brinkley ta yanke masa shekara 2 zuwa 4 a gidan yari, alhali mai gabatar da ƙara da jami'in sa ido ba su nemi a ɗaure shi ba.

Kotun ƙolin jihar ta ba da umarnin sakinsa a kan beli a watan Afrilun 2018. Daga gidan yarin aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa filin wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar 76ers, abin da ya isa ya tuna wa kowa cewa ba irinsa ba ne yawancin masu zaman talala. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko saboda shakku kan gaskiyar ɗan sandan da ya ba da shaida, ya amsa ƙaramin laifin bindiga, aka rufe shari'ar bayan shekara goma sha biyu. A farkon 2019 ne shi da Jay-Z da attajirai irin su Michael Rubin da Robert Kraft suka kafa ƙungiyar REFORM Alliance, wadda ta zama babbar mai tura irin waɗannan ƙudirori a jihohi.

To me ƙudirin ya ƙunsa game da hukunci?

Abu na farko, ya juya akalar zato. Yanzu abin da doka ta ɗauka shi ne ba a ɗaure mutum kan saɓa sharaɗi, sai in an kawo dalilin da doka ta lissafa. Hujjar kare martabar kotu ta fita.

Na biyu, in har za a ɗaure, an sa iyaka. Karon farko kwana 14 ne mafi yawa. Karo na biyu kwana 30. Daga karo na uku iyakar ta ƙare, alƙali ya koma da cikakken ikonsa na da. Akwai kuma damar ƙara har kwana 30 idan ana jiran a duba lafiyar mutum ko a sama masa gurbi a wurin jinyar ƙwaya ko ta taɓin hankali.

Na uku, ba za a tsawaita talala ko a soke ta don mutum ya kasa biyan tara da kuɗin kotu ba, sai an tabbatar yana da hali ya ƙi biya da gangan. Wannan ba sabon abu ba ne gaba ɗaya, tun 1983 kotun ƙolin Amurka ta faɗi haka a shari'ar Bearden da jihar Georgia. Sake rubuta shi cikin dokar jiha ya nuna yadda ake taka hukuncin a ƙananan kotuna.

Ƙudirin ya kuma ce sharuɗan da alƙali zai gindaya su dace da mutumin da ke gabansa, su zama mafi sauƙin da za su biya buƙata, ba jerin da ake buga wa kowa hatimi ba.

Waɗanne dalilai ne har yanzu ke iya kai mutum kurkuku?

Samunsa da sabon laifi. Ko kotu ta gamsu cewa abin da ya yi barazana ce bayyananna ga jama'a kuma babu wata hanya mai sauƙi ta tsare shi. Sai kuma jerin saɓawar da doka ta ware: wadda ta shafi lalata, wadda ta ƙunshi duka ko barazanar raunata wani, riƙe bindiga ko makami, sarrafa ƙwaya ko sayar da ita, ɓacewa daga idon jami'i, da ƙin bin shiri ko sharaɗi da gangan ba tare da uzuri ba har sau uku ko fiye.

Huɗu na farko ba su da gardama sosai. Biyun ƙarshen nan ne wurin da za a sa ido. Mutumin ɗakin ajiyar kaya da ya yi fashin aji ranar Laraba uku, da gangan ya yi ko yana da uzuri? Amsar tana bakin alƙali, kuma rahoton jami'in sa ido ne zai fara karantawa. Haka ma ɓacewa: wanda aka kora daga gidan haya, wayarsa ta mutu saboda bai biya kuɗi ba, a takarda ba shi da bambanci da wanda ya tsere.

Akwai hanyar gama talala da wuri?

Akwai, kuma ga mutane da yawa wannan ya fi iyakar kwanakin amfani. Dokar ta tilasta zaman duba shari'a: ga mai ƙaramin laifi bayan shekara 2 ko rabin wa'adinsa, duk wanda ya riga zuwa, ga mai babban laifi bayan shekara 4 ko rabin wa'adi. Wanda ya kammala sakandare, ko ya samu digiri, ko takardar koyon sana'a, ana iya matso masa da zaman da wata shida. A zaman, abin da ake sa rai shi ne a sallame shi, sai in ya aikata sabon laifi, ko ya saɓa sharaɗi a watannin baya-bayan nan, ko bai gama jinyar da aka umarce shi ba, ko yana da ragowar diyyar wanda ya zalunta.

Sai dai ba kowa ya shiga ba. An cire masu manyan laifukan tashin hankali, da waɗanda doka ta wajabta wa rajistar masu laifin lalata, da wasu laifukan cin zarafin iyali.

Wanda diyya kaɗai ta rage masa fa?

An ƙirƙiro masa wani mataki mai sauƙi: idan ya biya rabi ko ya nuna yana iya ƙoƙarinsa, a rage sa idon zuwa tuntuɓa kaɗan a shekara, ba kuɗin sa ido, sai dai ya ci gaba da biya yana sanar da sauyin adireshi. Masu goyon baya na ganin sauƙi ne. Masu suka na cewa talala ce dai, kuma mai kuɗi zai biya ya tafi, talaka ya zauna a ciki. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Su wa suka kawo ƙudirin, kuma me ya sa ya daɗe?

Sanata Lisa Baker ta Republican ce ta jagorance shi a 2023, tare da Camera Bartolotta, ita ma Republican, da Anthony Williams na Democrat daga Philadelphia. Ba shi ne yunƙurin farko ba. An yi ƙudiri mai lamba 14 a zangon 2019 zuwa 2020, aka yi mai lamba 913 a zangon da ya biyo, dukansu sun wuce majalisar dattawa suka maƙale a ta wakilai. Rubutun farko na 2019 yana ɗauke da iyakar shekarun talala, amma wajen neman yardar masu gabatar da ƙara da sauran masu ruwa da tsaki aka yi ta sassaƙe shi har iyakar ta ɓace. A Disambar 2023 majalisun biyu suka amince da rinjaye mai yawa daga jam'iyyun biyu, Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu, ya zama doka mai lamba 44 ta 2023. Ta fara aiki a tsakiyar 2024.

Me ya sa masu kare 'yancin jama'a suka ƙi shi, alhali sassauci ya kawo?

Wannan ne ya fi ba baƙo mamaki. Reshen Pennsylvania na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ACLU, tare da wasu lauyoyin da ke kare marasa hali da ƙungiyoyin tsoffin fursunoni, sun yi adawa da shi har ranar ƙarshe. Hujjarsu: bai taɓa tsawon talala ba, bai hana jera hukunci ɗaya bayan ɗaya ba, bai hana ɗora talala a bayan zaman gidan yari ba, togace-togacensa sun yi faɗi, kuma zaman duba shari'ar ya zo da sharuɗan da babu su a da, domin tun asali alƙali na da ikon sallamar mutum a kowane lokaci. Tsoronsu shi ne alƙalai su ɗauki shekara 2 da 4 a matsayin lokacin da ba a sallama kafinsa. Sun kuma ce idan aka zartar da gyara mai rauni, 'yan majalisa za su ce an gama, ba za a sake buɗe maganar ba sai bayan shekaru.

Masu goyon baya sun amsa da cewa majalisar da ke rabe tsakanin jam'iyyu biyu ba za ta ba da fiye da haka ba, kuma kwana 14 ba shekara biyu ba ne. A nan suna da gaskiya: wanda aka ɗaure mako biyu yana iya tarar da aikinsa da ɗakinsa, wanda aka ɗaure shekara biyu ba zai tarar da ko ɗaya ba. Amma a ganina masu sukar sun kama bakin zaren. An rage zafin bulalar farko da ta biyu, aka bar shekarun yadda suke, kuma yawan shekarun ne ke kai mutum ga karo na uku. A duba ma shari'ar da ta haifar da ƙudirin: hukuncin 2017 ba shi ne karon farko ko na biyu da aka samu Meek Mill da saɓawa ba, don haka iyakar kwana 14 da 30 da wuya ta cece shi.

Idan an zargi mutum da saɓa sharaɗi, yaya shari'ar take?

Ba irin shari'ar laifi ba ce. Babu masu taya alƙali yanke hukunci, kuma ba a buƙatar hujjar da ta kawar da duk wani shakku. Ya isa a nuna cewa zargin ya fi rinjaye. Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1973 a shari'ar Gagnon da Scarpelli, mutum na da haƙƙin zama biyu: na farko a ga ko akwai dalilin zargi, na biyu a yanke. Yana da haƙƙin a sanar da shi zargin a rubuce, ya kawo shaidu, ya yi tambaya.

Matsalar tana tsakanin zaman biyun. A Pennsylvania ana iya sa wa mutum takardar riƙewa wadda ke hana shi fita ko da beli, musamman idan akwai sabuwar tuhuma da ake jiran a gama. Mutane kan shafe makonni ko watanni a haka. Rahoton haɗin gwiwa na Human Rights Watch da ACLU na 2020, wanda ya duba Pennsylvania da Wisconsin da Georgia, ya yi dogon bayani a kan wannan. Iyakar kwana 14 ba ta da ma'ana sosai ga wanda ya riga ya yi wata biyu yana jiran ganin alƙali.

Sauran jihohi fa?

California ta bi hanyar da Pennsylvania ta kauce wa: a 2020 ta yanke tsawon talala zuwa shekara 1 ga yawancin ƙananan laifuka, shekara 2 ga yawancin manya. Virginia a 2021 ta haɗa biyun, ta sa iyakar shekara 1 da 5, ta kuma ce babu ɗauri a saɓawar farko, ta biyu kuma kwana 14 ne iyaka. New York a 2021 ta yi irin wannan gyara ga waɗanda aka saki daga gidan yari bisa sharaɗi, da iyakar kwana 30. Florida a 2022 ta ba da ragin wa'adi ga wanda ya yi karatu ko ya riƙe aiki. Kowace jiha da dokarta, abin da ya halatta a Richmond ta Virginia ba lallai ya yi aiki a Pittsburgh ta Pennsylvania ba.

Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, abin ya shafe shi ta wata fuska?

Ƙwarai. Dokar shige da fice ta tarayya ce, gyaran jiha bai taɓa ta ba. Ga wasu laifuka, hukuncin ɗaurin shekara ɗaya ko fiye na jefa mutum cikin rukunin da ake kora daga ƙasar, ko da yana da katin zama na dindindin, kuma ɗaurin da aka yanke bayan soke talala na iya shiga lissafin. Duk wanda ke da ɗa ko ƙani a irin wannan hali, kada ya yarda a amsa zargin saɓa sharaɗi don a gama da wuri kafin a ji ta bakin lauyan da ya san dokar shige da fice. Tafiya gida ganin iyaye ma sai da izinin kotu ko na jami'i, kuma a karɓe shi a rubuce.

Najeriya na da irin wannan tsari?

A doka akwai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi talala da dakatar da hukunci da aikin yi wa al'umma hidima, sannan dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashe na musamman don hukuncin da ba na tsarewa ba. Amma matsalar can daban ce da ta Pennsylvania: mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a kai ga yanke musu komai ba, balle a yi maganar sharaɗi.